Jaririn da Ya Ƙi Mama: Faɗakarwa a Kan Tsinkau-tsinkau da Karkacewar Jijiyoyin Huhu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙagi ɗan Adam Ya daidaita halittarsa, Ya sanya wa kowace jijiya mafari da matuƙa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen talikai, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, muna isar da gaisuwa ga mutanen Gehuru da sauran garuruwan ƙasar Jega, da na Aliero, da na Maiyama, manomansu da makiyayansu da 'yan kasuwarsu, tun ba ma iyayenmu mata da ungozomomi da wanzamai ba, domin kuwa mafi yawan abin da za mu faɗa yau a hannunsu yake.

Mas'alar da muka ɗauko ita ce ta jaririn da ya ƙi mama. Duk wadda ta taɓa jego ta san babu abin da ke tayar da hankalin gida irin a ce yaron da aka haifa lafiya, aka yi barka, ana ta shirin suna, ya wayi gari an ba shi nono ya kasa kamawa. A nan ne za ka ji kakarsa tana ce wa mai jego, "Ke yarinya, wannan ba ciwon asibiti ba ne, an taɓa shi," wata ta ce iska ce, wata ta ce kambun baka ne, har a kwana biyu ana turare da shafe-shafe, alhali kuwa kowace sa'a da ta wuce ƙarfi take ƙara wa cutar. Daga cikin illolin da ke ɓuya a bayan wannan alama akwai guda biyu da ya wajaba a rarrabe su: ɗaya daga waje take shigowa ta ƙofar rauni, kuma Allah Ya hore mana hanyar tare ta tun ba ta iso ba, ɗayar kuwa da ita ake haihuwar yaro, babu laifin uwa babu na uba, amma idan an gane ta da wuri tana karɓar gyara. Ta farko ita ce tsinkau-tsinkau, wadda wasu ke kira sarƙe-haƙora. Ta biyu ita ce karkacewar jijiyoyin jinin da ke tsakanin zuciya da huhu.

Mu fara da tsinkau-tsinkau. Asalinta wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, mazauninta ƙasa da kashin dabbobi, na shanu da dawaki da jakai da tumaki, kuma tana da wani ɓawo da take lulluɓe kanta da shi, har ta yi shekara da shekaru a cikin turɓaya, zafin bazara bai kashe ta ba, hunturu bai kashe ta ba. Matuƙar tana waje ba ta da ta cewa. Amma da zarar ta sami rauni mai zurfi wanda iska ba ta ratsa shi, ko sukar ƙaya, ko ta ƙusa, ko saran fartanya, ko cibiyar jariri da aka yanke da tsohuwar reza, sai ta farka ta hayayyafa, ta riƙa fitar da wani dafi wanda masana suka lissafa a cikin mafiya ƙarfin dafin da aka sani a duniya. Dafin nan yakan bi jijiyoyin motsi ya hau har laka, inda yake toshe saƙon da ke umurtar tsoka da ta saki bayan ta ɗaure. To, tsokar da aka ce mata ɗaure ba a ce mata saki ba, ai sai sandarewa. Mutane da yawa suna zaton tsatsar ƙarfe ce ke kawo ciwon, amma haƙiƙanin al'amari shi ne ƙasar da ke jikin ƙarfen ce ke ɗauke da ƙwayar, saboda haka ƙayar da aka taka a garke ba ta gaza ƙusa mai tsatsa haɗari ba.

Wannan ilmi da bincike mai tsawo aka same shi. A shekarar 1884 wani mai bincike a ƙasar Jamus, Arthur Nicolaier, ya nuna cewa cutar daga ƙasa take. A 1889 wani masani mutumin Japan, Kitasato, ya ware ƙwayar ita kaɗai. A 1890 shi da Emil von Behring suka gano makarin dafinta. Sannan a cikin shekarun 1920 masana a Faransa suka samar da allurar rigakafin da har yau irinta ake yi wa matanmu da 'ya'yanmu. Fa'idar wannan aiki kuwa a bayyane take, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai wajen 787,000 ne cutar ta kashe a duniya, amma zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000. Sai dai abin baƙin ciki, Najeriya tana cikin ƙasashe ƙalilan da ba su kammala kawar da ita daga tsakanin mata masu ciki da jarirai ba, kuma ragowar aikin a irin garuruwanmu yake, inda mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta.

Ƙofofin da take shigowa ta cikinsu a ƙasarmu sanannu ne. Ga jariri, babbar ƙofa ita ce cibiya, idan an yanke ta da rezar da aka taɓa aiki da ita, ko an ɗaure ta da zare mai dauɗa, ko an bi ta da toka ko man shanu ko man goge baki, ko an gasa ta da tsumman da ya sha ƙasa. Bayanta akwai askar wanzami, wajen cire belu da tsaga da kaciya, da allurar hujin kunne, idan ba sababbi ba ne ko ba a dafa su sosai ba. Ga yaro mai wayo kuwa, akwai ƙaya da kwalba a fadama da garke ga wanda ke tafiya babu takalmi, da ƙuna, da kunne mai zubar da mugunya wanda aka bari ya daɗe. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da wajenta a kan sana'ar ɗori, ana zuwa mata daga nesa; muna roƙon iyayenmu masu wannan baiwa, idan aka kawo musu karayar da ƙashi ya huda fata, su umurci masu jinya a fara wanke raunin a asibiti a yi allurar tsinkau-tsinkau, domin irin wannan rauni shi ne wanda ƙwayar ta fi so.

Yanzu ga kamanninta. Jaririn da ta kama yakan sha nono ya yi kuka yadda ya kamata a kwana biyun farko, daga baya, tsakanin kwana 3 zuwa 28, galibi dab da suna ko jim kaɗan bayansa, sai uwa ta ga ta kai masa nono yana so amma bakin ya ƙi buɗewa, leɓɓansa sun tsuke, goshinsa ya yamutse, ya dunƙule hannuwa, cikinsa ya yi tauri. Idan aka buga ƙofa, ko aka haska masa tocila, ko aka taɓa shi, sai jikin ya ɗaure baki ɗaya, wuya ya koma baya, gadon baya ya gantsare, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci. Ga babban yaro, alamun sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, wani lokaci ma raunin ya riga ya rufe har an manta da shi. Yakan fara da kasa tauna da wahalar haɗiya, sannan taurin ya gangara wuya da ƙirji da ciki. Abin da ya raba ta da jijjigar zazzaɓi shi ne mai tsinkau-tsinkau yana cikin hayyacinsa, yana jin muryar mahaifiyarsa, yana kuma jin dukkan raɗaɗin, wannan kaɗai ya isa ya sa a ji tausayinsa a gaggauta.

Maganinta a asibiti yake, kuma ya ginu a kan rukunai biyar. Na farko, allurar makari, wadda ke kama dafin da ke yawo a cikin jini. Amma a sani, dafin da ya riga ya manne a jijiya makari ba ya iya ciro shi, sai dai a jira jiki ya sabunta abin da ya lalace, wannan shi ne dalilin da ya sa jinkirin yini ɗaya yake da tsada. Na biyu, wanke rauni da cire mataccen nama, tare da maganin kashe ƙwayar, irin su metronidazol ko fenisilin. Na uku, maganin sassauta tsoka, irin su diyazefam, wanda likita ne kaɗai ke auna shi gwargwadon nauyin yaro, domin idan ya yi yawa yana danne numfashi. Na huɗu, ɗaki mai shiru mai ƙarancin haske, inda ba a yawan taɓa majinyaci. Saboda haka idan ma'aikatan jinya suka hana 'yan dubiya shiga, kada a ɗauka wulaƙanci ne, hanin nan wani ɓangare ne na maganin. Na biyar, kula da ci da numfashi, inda uwa za ta riƙa tatso nononta a ba jariri ta wata 'yar siririyar roba da ake zurawa ta hanci zuwa ciki, a sa masa iskar oksijin, idan abin ya tsananta a haɗa shi da na'urar numfashi. Jinyar takan ɗauki makonni, tana bukatar haƙuri. Amma jariran da aka bari a gida ba tare da wannan kulawa ba, kusan dukkansu ba sa tashi. A kan hanyar asibiti kuwa, kada a ɓanɓare bakin yaro da cokali, kada a yi masa ɗura, domin abin da aka ɗura huhu zai faɗa. A lulluɓe shi, a kwantar da shi ta gefe, a rage hayaniya. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita. Kuma wanda ya warke bai sami kariya ba, wajibi ne a yi masa rigakafi bayan ya tashi.

Rigakafi dai, kamar yadda Hausawa suka ce, ya fi magani, kuma a wannan babi kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati. Mace takan karɓi allura biyar: ta farko da ta fara awo, ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara 1, ta biyar bayan wata shekarar, ana so ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla mako 2, domin kariyar da jikinta ya haɗa ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan da ke cikinta. Wadda ta cika biyar ɗin ta sami kariya tsawon shekarun haihuwarta. Jariri kuma yana da tasa, wato allurar Penta da aka shigo da ita Najeriya a 2012, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Ungozoma ta wanke hannu da sabulu, ta shimfiɗa abu mai tsabta, ta yanke cibiya da sabuwar reza, sannan a riƙa shafa man kuloheksidin, wanda maƙwabciyarmu Jihar Sakkwato ta fara rarrabawa a 2013. A shafa shi a cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido, kada kuma a haɗa shi da wani abu.

Jama'a masu sauraro, sai mu juya ga illa ta biyu, wadda ba za a fahimce ta ba sai an san yadda Mahalicci Ya tsara gudanar jini. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama biyu a hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki, iskarsa ta ƙare, yakan dawo ɓangaren dama, daga nan a tura shi huhu, ya ratsa wasu jijiyoyi da suka fi gashi siranta, ya ɗebi iska, sannan ya komo ɓangaren hagu ta jijiyoyi huɗu, hagu kuma ya watsa shi ga dukkan gaɓoɓi. Wanda ya fara bayyana wannan zagaye na huhu a rubuce wani malami ne Musulmi, Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a 1288. Shi ne ya tabbatar cewa jini ba ya tsallakawa daga dama zuwa hagu kai tsaye, dole sai ya bi ta huhu. To, wani lokaci, bisa hikimar da Allah Ya bar wa kanSa sani, sai jijiyoyin nan su haɗu ba a inda ya kamata ba tun yaro yana ciki. Manomin albasa na Aliero zai gane wannan da sauri: idan hanyar ruwa ta ɓalle, ruwan ya koma rafi bai shiga fangali ba, inji yana ta aiki, ruwa yana ta gudu, amma albasa tana cikin ƙishi. Haka zuciyar irin wannan yaro take ta bugawa, ƙirjinsa yana ta hawa da sauka, amma jikinsa bai ƙoshi da iska ba.

Karkacewar nan iri-iri ce, za mu ambaci uku. Ta farko ita ce wadda jijiyoyi huɗun da ke dawo da jini daga huhu suke kuskure ɓangaren hagu su zube a dama, jini mai iska ya gauraya da marar iska, jariri ya rayu ta albarkacin wata 'yar ƙofa da ke tsakanin ɗakunan zuciya na sama. Wannan ba ta da magani sai tiyata, kuma idan hanyar ta matse, yaron yakan shiga matsanancin hali tun kwanakin farko. Ta biyu ita ce wata gajeriyar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki, wadda kowane ɗan tayi yake da ita saboda huhunsa bai fara aiki ba, kuma takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki bayan haihuwa. Idan ta ƙi rufewa, abin da ya fi faruwa ga bakwaini, sai jini ya yi wa huhu yawa, yaro ya riƙa haki da yawan ciwon ƙirji, ba ya ƙiba. Tun 1938 wani likita a birnin Boston na Amurka, Robert Gross, ya ɗaure irin wannan jijiya a jikin wata yarinya 'yar shekara 7 ta warke, yau kuwa ana rufe ta da magani ga bakwaini, ko da tiyata, ko ta zura siririyar roba ta jijiyar cinya. Ta uku ita ce wadda jijiya mai kai jini da mai dawo da shi suke haɗewa a cikin huhu kai tsaye, jini ya wuce bai ɗebi iska ba. Wannan ta fi bayyana bayan yaro ya tasa, sau da yawa a gidan da yawan haɓo ya zama gado, kuma haɗarinta shi ne gudan jini ko ƙwayar cuta da huhu ya kamata ya tace su wuce zuwa ƙwaƙwalwa, su jawo shanyewar ɓarin jiki ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Ita ma ana toshe ta ta cikin jijiya ba tare da an buɗe ƙirji ba.

Ta yaya uwa za ta rarrabe? Jariri mai tsinkau-tsinkau bakinsa ne ya kulle, jikinsa kuma ya sandare. Mai larurar jijiya kuwa bakinsa yana buɗewa, yana kama nono, amma da ya ja sau kaɗan sai ya saki yana haki, gumi ya tsatstsafo a goshinsa, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, jikinsa a sake yake, kuma watanni su wuce bai ƙara nauyi ba. Tun da fatarmu baƙa ce, ba a fuska za a nemi alamar ƙarancin iska ba. A kai yaro wurin haske, a buɗe bakinsa a dubi harshe da dasashi da cikin leɓe, a dubi ƙarƙashin farce, idan maimakon ja aka ga sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, musamman lokacin kuka ko shan nono, to lokacin tafiya ya yi. Ga yaron da ya tasa, a lura da saurin gajiya wajen wasa da kumburin kan yatsu. A asibiti akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ko a tafin ƙafar jariri, ba ta huda fata, tana nuna yawan iskar da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 ko fiye a cikin 100. Daga nan sai hoton ƙirji da hoton zuciya. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin jariri 1 a cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wata larura ta zuciya ko ta manyan jijiyoyinta, wasu masu sauƙi wasu masu tsanani, don haka wanda abin ya samu kada ya zaci shi kaɗai ne, kada kuma a tuhumi mahaifiya. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Inugu tun 1974. Aikin yana da tsada, gaskiya ne, kuma a nan ne haƙƙin zumunci da sadaka ya hau kan dangi da masu hali.

Hanyar da za a bi a duka larurorin biyu ɗaya ce: a fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Jega ko na Aliero ko na Maiyama, idan suka ga abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu za su ba da takarda zuwa Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kada a karɓi takardar a koma gida a ce sai bayan suna, ko sai an sayar da albasa.

Wani zai ce, ai ajali ba ya jinkiri, kuma tawakkali ya wadatar. Babu mai musun ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi yana daga cikin tawakkali, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Mu mutanen ƙasar Gwandu ne, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya wallafa littafin Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Da neman magani yana rage imani, da waɗannan bayin Allah ba su ɓata tawadarsu a kansa ba. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a kan hanyar asibiti da gefen gadon jinya. Ku kuma magidanta, amanar nan a wuyanku take: ku ba matanku izinin zuwa awo, ku duba katin rigakafi da idonku, ku tanadi sabuwar reza da man cibiya da kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai, kuma ku bar wasiyya a gida cewa ko ba kwa nan, idan jariri ya ƙi mama a tafi da shi ba sai an jira dawowarku ba.

Allah Ya raya mana zuriya a kan lafiya da imani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa ungozomomi da ma'aikatan jinya da alheri.